Ko Ka Sani? Na'urar da ke Gyara Ɓarnar Rana da Haske

Ko ka san akwai na'urar da ke yi wa fatar mutum ɗaruruwan ƙananan huji don kawai magani ya samu hanyar shiga? Sunanta leza. Likitocin fata na haɗa ta da jan haske su kashe wani tabo da rana ke haifarwa, tun bai rikiɗe ya zama sankara ba.

Tabon ba shi da ban tsoro. Ɗan kaushi ne mai ɓamɓaroki a kunne, goshi, leɓe, ƙeya ko bayan hannu, kuma sau da yawa yatsa ke fara jin sa kafin ido ya gan shi. Yawancinmu baƙar fata ta yi mana garkuwa, saboda sinadarin melanin da ke cikinta. Zabiya bai samu wannan garkuwar ba. Bature sai ya manyanta tabon ke fito masa, amma yaro zabiya da ke bin mahaifinsa gona a Kiyawa ko Jahun, ko yarinyar da ke talla a kasuwar Shuwarin, suna iya samun sa tun suna ƙuruciya. Kuma ba zafin bazara ne ke ɓarnar ba. Wani ɓangaren hasken rana ne da ido ba ya gani, wanda ko cikin sanyin hunturu yana nan. Ba kowane tabo ke zama sankara ba, sai dai babu likitan da zai iya nuna wanda zai zama, shi ya sa ake magance su duka.

Ga yadda aikin yake. Da farko leza za ta bi wurin tana yin huji siriri kamar kaurin gashi, tana barin lafiyayyar fata a tsakani don ta warke da wuri. Kamar saran shuka ne kafin a zuba iri. Sai a shafa wani man magani, a rufe wurin na 'yan sa'o'i. Ƙwayoyin fatar da suka lalace sun fi masu lafiya zuƙar maganin, kuma a cikinsu yake juyewa ya zama sinadarin da ba ya jure haske. Da an haska jar fitila na kimanin minti goma, sinadarin zai sa iskar oksijin da ke cikin ƙwayar ta zama guba, ƙwayar ta mutu daga ciki. Akwai raɗaɗi sosai a lokacin, kuma dole mutum ya guji rana har kwana biyu.

Dabarar haɗa magani da haske ta girmi leza nesa ba kusa ba. A 1903 von Tappeiner da Jesionek suka gwada rini da haske a kan ciwon fata a birnin Munich na Jamus, ita kuwa leza sai a 1960 Theodore Maiman ya ƙera ta farko a Amurka. A 2012 likitoci a Denmark suka nuna cewa hujin leza na ƙara wa maganin ƙarfi, musamman a kan tabo mai kauri. Abin da ya fi burge ni shi ne, a can ɗin dai aka gano cewa za a iya shafa man, mutum ya zauna sa'a biyu a hasken rana maimakon fitila, raɗaɗin kuma ya ragu ƙwarai.

Na'urar tana da tsada, amma ba ita kaɗai ce magani ba. Ana daskarar da tabon da ruwan naitirojin, akwai kuma mayukan da likita ke rubutawa. Sai dai duk waɗannan iyakarsu saman fata. Idan tabo ya fara zubar da jini, ya yi tudu, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, to magana ta koma ta tiyata. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ta shafa wa irin wannan gyambo magungunan gida har ya ci kunne ko leɓe, alhali ga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, inda likita zai duba shi tun yana ɗan kaushi, ya tura mai shi gaba in da bukata.