Ɗumama gine-gine da ƙwayoyin katako: Yadda fasahar ke aiki da darasin Ireland ta Arewa

A ƙasashen Turai masu tsananin hunturu, ɗumama gida lamari ne na rai da mutuwa, domin sanyi kan sauka ƙasa da ma'aunin daskarewar ruwa na tsawon makonni. Shekaru da dama, iskar gas da man ɗumama da kwal ne ke ɗauke da wannan nauyi. Amma tun da batun sauyin yanayi ya kankama, gwamnatoci suka soma kwaɗaita wa jama'a komawa ga itace, sai dai a wata sabuwar siga: tukunyar ɗumama ruwa mai cin ƙwayoyin katako ko ɓarɓashin itace.

Yadda ake samar da makamashin

Ƙwayoyin katako ana yin su ne da garin katakon da ke zuba a masana'antun yanka itace. Ana busar da garin, sannan a matse shi da injin ta cikin ƙananan ramuka, ya fito a dunƙule kamar abincin kifi, kaurin kowace ƙwaya milimita 6 zuwa 8. Zafin matsin ne ke narkar da wani danƙo da ke jikin itacen tun asali, shi ke riƙe ƙwayar ba tare da an zuba gam ba. Danshin da ke cikinta bai kai kashi 10 cikin 100 ba, shi ya sa take ci da kyau. Kilo biyu na ƙwayoyin na ba da zafin da ya yi daidai da na kusan lita ɗaya ta man ɗumama.

Ɓarɓashin itace kuwa, rassa ne da ragowar gungume da injin ke daddatsawa. Ya fi araha, amma ya fi danshi, kuma yana cin wuri, saboda haka manyan gine-gine irin su makarantu da asibitoci da gonaki ne suka fi amfani da shi.

Yadda tukunyar ke aiki

Babbar mota ce ke kawo ƙwayoyin, ta hura su ta tiyo zuwa cikin rumbun ajiya. Daga nan wani murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa ke jan su kaɗan-kaɗan zuwa murhu, na'ura kuma tana daidaita yawan iskar da wutar ke buƙata. Wutar na zafafa ruwa, famfo ya tura shi cikin bututai zuwa ɗakuna, ya saki zafinsa, ya komo a sake zafafa shi. Tukunyar zamani na mayar da kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarfin itacen zuwa zafi mai amfani, tokar da ƙwayoyi masu inganci ke bari kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsu ba.

Sai dai akwai hatsarin da ya kamata a sani. Ƙwayoyin da aka tara a rufaffen rumbu suna fitar da iskar kabon monoksaid, wato irin gubar nan marar wari da ke halaka mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. An samu asarar rayuka a Turai ta wannan hanya, shi ya sa ake gargaɗin kada kowa ya shiga rumbun sai an buɗe shi iska ta ratsa.

Suwidin na cikin ƙasashen da suka yi nisa. Tun da ta sanya haraji kan hayaƙin kabon a 1991, garuruwanta da dama suka mayar da cibiyoyin da ke tura ruwan zafi zuwa unguwanni kan ragowar itacen dazuzzukanta. Ostiriya kuwa ta yi suna wajen ƙera tukwanen.

Muhawarar da ba ta ƙare ba

Masu goyon baya na cewa hayaƙin kabon da itace ke fitarwa idan an ƙona shi, bishiyar da aka dasa a gurbinsa za ta sake shanye shi. Masana muhalli da dama na cewa maganar gaskiya ce idan garin katako ko ragowar rassa aka ƙona, waɗanda dama ruɓewa za su yi. Idan kuwa bishiya sukutum aka sare domin a yi ƙwayoyi, hayaƙin na fita ne a rana ɗaya, alhali sabuwar bishiyar sai ta shekara goma-goma kafin ta biya wannan bashi. Farashi ma ba shi da tabbas: a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren da kuma takunkumin da Tarayyar Turai ta sanya wa katakon Rasha, kuɗin ƙwayoyin a Jamus ya ninka fiye da sau biyu.

Lokacin da toka ta zama kuɗi

Babu inda wannan fasaha ta jawo rikici kamar Ireland ta Arewa, wani yanki na Birtaniya. A Nuwamban 2012, ma'aikatar kasuwanci ta yankin, ƙarƙashin minista Arlene Foster, ta ƙaddamar da shirin biyan tallafi na shekara 20 ga 'yan kasuwa da manoman da suka koma ɗumama gine-ginensu da irin wannan tukunya. Masu kiwon kaji, waɗanda ke buƙatar ɗumi a ɗakunan 'yan tsaki, na cikin waɗanda suka fi rungumar shirin.

Kuskuren yana cikin lissafi. Tallafin da ake biya ya zarce kuɗin makamashin kansa. Rahotanni sun nuna cewa duk wanda ya ƙona ƙwayoyin fam ɗaya yana iya karɓar fam 1.60. Irin wannan shiri a Ingila da Sukotlan da Wales yana da matakin da ke rage kuɗin bayan an yi wasu sa'o'i ana ƙonawa, amma na Ireland ta Arewa ya fito babu wannan birki. Ma'ana, iya ƙonawarka iya ribarka. Har aka yi zargin cewa wasu na ɗumama rumfunan da babu komai a ciki, jama'a kuma suka laƙaba wa shirin sunan da ke nufin “kuɗi a madadin toka”.

Da labari ya bazu a 2015 cewa za a rage tallafin, sai masu nema suka yi tururuwa kafin a rufe ƙofa. An dakatar da karɓar sababbin masu shiga a Fabrairun 2016, daga baya kuma aka yi ƙiyasin cewa yankin zai yi asarar kusan fam miliyan 490 cikin shekara 20. A Janairun 2017, mataimakin shugaban gwamnatin yankin, Martin McGuinness, ya yi murabus bayan Foster, wadda a lokacin ta zama shugabar gwamnati, ta ƙi sauka na ɗan lokaci a yi bincike. Gwamnatin haɗin gwiwar ta rushe, ba ta dawo ba sai a Janairun 2020.

Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Patrick Coghlin ya fitar da rahotonsa a Maris na 2020. Ya ce ba cin hanci ne ummul haba'isin matsalar ba, tarin kurakurai ne da sakaci na jami'ai da mashawarta da 'yan siyasa, waɗanda suka ɗauko aikin da ba su da isassun ƙwararrun da za su riƙe shi. An kuma zaftare tallafin ƙwarai, lamarin da ya jefa manoman da suka ci bashi suka sayi tukwanen bisa gaskiya cikin ƙunci, wasunsu har suka garzaya kotu. Garin neman ƙiba, an samo rama.

Tukunyar dai ta yi aikin da aka ƙera ta domin shi. Abin da ke tantance ko za ta amfani muhalli da baitulmali shi ne inda aka samo itacen, da kuma irin kulawar da hukuma ta yi wa alƙaluman tallafin kafin ta sa hannu.