Fari da Ambaliya Sun Kai ga Zukatan Manoman Ƙonni da Illela

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela ta Nijar, in ka tambayi manomi labarin damina, amsarsa ba ta wuce "sai godiya". Amma a ƙarƙashin godiyar nan akwai damuwa iri-iri, kowace da tushenta.

A watan Yuni zullumi ke kwana da mutane: ruwan shuka ya sauka, an binne iri, sai hadari ya ɗauke mako biyu ko uku, hatsi ya ƙone. Dattawan da suka ga farin 1973 da yunwar 1984 suna duban gabas da fargabar da jikokinsu ba su sani ba. Su kuwa matasa ruwan da kansa suke tsoro, domin ambaliyar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya.

Mafi nauyi ita ce kunya, don ita ce ba a faɗa. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara gani yake shi ya gaza, alhali ƙoƙarinsa bai ragu ba. Sau da yawa kunyar nan ke tura shi biɗa zuwa Sakkwato, Abijan ko Libiya, a bar matarsa da kewa da ɗawainiyar gida. Masu albasar Galmi kuma takaici ke cin su in ruwa ya ja baya lokacin ban-ruwa. Takaicin na da hujja: sauyin yanayi na taɓa su, alhali Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Wani bincike da mujallar Lancet Planetary Health ta buga a 2021 ya tambayi matasa 10,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya. Kashi 59 cikin 100 sun ce sauyin yanayi na damunsu ƙwarai.

Akwai kuma ƙwarin gwiwa, kuma Illela ta san shi. A ƙarshen shekarun 1980 manomanta suka je Yatenga a Burkina Faso, suka dawo da dabarar tassa, ramukan da ke riƙe ruwa da taki. Faƙo ya koma gona, har aka fara saye da sayar da filayen da da ba mai so.

Limamai, gidajen rediyon karkara da malaman gona su riƙa tambayar mutane abin da ke ransu, ba buhun da suka samu kawai ba.