Ba a sayen ƙoda a Indiya, duk abin da saƙon nan ya ce

Wani saƙo na yawo a WhatsApp, daga rukunin dangi zuwa na 'yan unguwa, wai yana kwatanta kuɗin asibiti a ƙasashe. Wanda ya rubuta shi ya dama gaskiya da ƙarya wuri guda, ya rufe da "a tura wa 'yan uwa", bai damu da wanda zai sayar da gona a kan maganarsa ba.

Wai magani kyauta ne ga kowa a Ingila: na mazauna ƙasar ne, baƙo mai bizar ziyara in aka kwantar da shi kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin zai biya. Wai a Amurka marar kuɗi a ƙofar asibiti yake mutuwa: dokar 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa duba shi, takardar bashi ce ke biyo baya. Cewa tiyata ta fi araha a Indiya a kan Amurka, wannan gaskiya ne.

Layin da ya tayar mini da hankali shi ne mai cewa ka tafi Indiya ko Masar da kuɗinka kawai, can za a samo maka ƙoda. Ƙarya ce. Tun 1994 dokar Indiya ta haramta cinikin sassan jiki. Baƙo shi zai zo da mai ba shi ƙoda, ofishin jakadancin ƙasarsa ya tabbatar da dangantakarsu, kwamiti ya tantance su kafin a taɓa wuƙa. Masar ta yi tata dokar a 2010, Najeriya a 2014. Dillalin da ya ce zai "shirya komai" ko dai zai gudu da kuɗin, ko ya kai ku ɓoyayyen wuri inda ba a gwada jini yadda ya kamata. Sanata Ike Ekweremadu, da duk muƙaminsa, shekara tara da wata takwas kotun Landan ta yanke masa a 2023 kan kai wani matashi don a cire masa ƙoda.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Wanda ke kai mahaifinsa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, yana kallon allura a hannun tsoho awa huɗu, aljihu na ƙarewa, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Saƙon bai faɗi cewa bayan dashe akwai maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙoda ba, wanda za a sha kullum muddin ƙodar na aiki, da gwaje-gwaje a kai a kai. Bai kuma ambaci cewa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002 ba. Kafin a biya wa kowa kuɗin biza, a zauna da likitan ƙoda na gida, a gwada 'yan uwan da suka yarda da kansu, a lissafa kuɗin maganin bayan aiki.