Sanyaya Kwamfuta da Ruwa a Ƙasar Zafi: Abubuwan Lura Kafin a Fara

Gabatarwa

Garin Kazaure ya daɗe da yin suna wajen karatun kwamfuta. Tun cikin 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a garin, da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, sa'an nan a 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Ɗaliban waɗannan makarantu, da ma'aikatan da ke zanen gine-gine ko taswirar filaye ko tace hotunan bidiyo, duk suna bukatar kwamfutar tebur mai ƙarfi, ita kuwa kwamfuta gwargwadon ƙarfinta gwargwadon zafin da take fitarwa. Wannan shi ya sa wasu suke sha'awar harhaɗa mata hanyar ruwa da hannunsu, kamar yadda suke gani a intanet. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda ake tsara irin wannan aiki a karon farko, a kuma nuna cewa wanda ke zaune a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura, daga zafin ɗakinsa ya kamata ya fara lissafi, tun kafin ya kashe ko kwabo.

Aikin da ruwa yake yi

Kusan dukkan wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Sassa biyu ne suka fi haifar da shi, wato furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, da katin hoto. Alal misali, furosesar Intel Core i9-14900K tana iya jan wat 253, katin Nvidia RTX 4090 kuma wat 450. Idan zafin furosesa ya kai digiri 95 ko 100 a ma'aunin Salshiyas, sai ta rage gudu da kanta domin kada ta lalace, aikin da ake yi kuwa ya yi ta jan ƙafa.

Fifikon ruwa a kan iska a nan yake: lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai an tara litar iska kusan 3,500 kafin ta ɗauka. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya sanyaya wasu manyan kwamfutocinsa da ruwa tun cikin shekarun 1960, Apple kuma ya fitar da Power Mac G5 mai sanyaya da ruwa a 2004, ko da yake wasu daga cikinsu sun yi yoyo bayan 'yan shekaru.

Amma akwai wani ruɗani da ya wajaba a kau da shi, domin abin da Bahaushe ya saba da shi shi ne randa da tulu. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo, damshin ya bi iska ya tafi da zafi, har ruwan ciki ya fi iskar ɗaki sanyi. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ya gina dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Hanyar ruwan kwamfuta kuwa rufaffiya ce, ba ta tsattsafo, saboda haka dangin lagireton mota ce. Ruwan ɗan dako ne kurum: ya ɗauko zafi daga furosesa, ya kai lagireto, fanka ta hura shi cikin ɗaki. Ko nawa aka kashe, ruwan ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. Duk sauran tsarin a kan wannan ƙa'ida yake tsaye.

Kayan da ake bukata

Abubuwa shida ne suke haɗuwa su zama hanyar ruwa. Na farko, farantin jan ƙarfe mai siraran hanyoyi a ciki, wanda ake ɗaurawa a kan furosesa bayan an shafa mata man da ke isar da zafi. Dole ya dace da mazaunin furosesar, shi kuwa na katin hoto kowane samfuri da nasa. Na biyu, famfo, waɗanda suka fi shahara kuwa su ne D5 da DDC. Na uku, tanki, wanda ke ciyar da famfo ya kuma tara kumfar iska. Na huɗu, lagireto da fankokinsa, ana kiransa da tsawonsa, wato milimita 120 ko 240 ko 360 ko 480, gwargwadon yawan fankoki masu milimita 120 da yake ɗauka. Na biyar, tiyo da mahaɗansa. Zaren mahaɗan kusan duk iri ɗaya ne, ana ce masa G1/4, amma kaurin tiyo ya bambanta, akwai 10/13 akwai 10/16, wato faɗin ciki da na waje a milimita, kuma tilas mahaɗi ya dace da lambobin biyu. Na shida, ruwan kansa. Yana da kyau a ƙara da bakin zubarwa mai makulli a can ƙasan hanyar, domin ranar canjin ruwa.

Lissafin zafi

Masu wannan sana'a suna da wani ƙiyasi, cewa kowane gurbin fanka ɗaya a lagireto ya ɗauki kimanin wat 100, idan ana son ruwa ya tsaya kusan digiri 10 zuwa 15 sama da iskar ɗaki. Kwamfutar da ke fitar da wat 600 tana bukatar gurbi shida ke nan, wato lagireto biyu masu milimita 360. Kafin a saya sai a auna akwatin kwamfutar da awon tela, a tabbata zai ɗauke su tare da kaurin fankokin.

To, a nan ne wurin zama yake shigowa. Yawancin gwaje-gwajen da ake karantawa an yi su ne a ɗakunan Turai da Amurka masu zafin digiri 21 zuwa 25, inda ruwan zai tsaya wajen digiri 35. A arewa maso yammacin Jigawa kuwa, cikin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano marar silin ma ya fi haka. Idan ɗaki yana digiri 38, ruwan zai kai 48 ko 53, alhali kuwa yawancin famfuna digiri 60 ne iyakar da aka yanka musu. Ratar da ta rage ba ta da yawa. Saboda haka mai tsari a wannan yanki ya ƙara lagireto fiye da ƙiyasin nan idan akwati zai ɗauka, ya kuma sa ma'aunin zafi a cikin ruwan, ya ɗaura gudun fankoki a kansa. Akwai kuma dabarar rage ƙarfin wutar da furosesa da katin hoto suke ja, wadda ke rage zafi sosai ba tare da aiki ya ragu da yawa ba, kuma ba ta cin ko sisi.

Har ila yau a tuna cewa wat 600 ɗin nan cikin ɗaki yake zuba, wato fiye da rabin zafin dutsen guga na lantarki, kuma sa'o'i a jere. Idan aka ɗauke wuta, kwamfuta ta ci gaba da aiki a kan batir, fankar ɗaki da na'urar sanyaya ɗaki suka tsaya, to iskar da lagireto ke sha za ta yi ta ɗumama. Wanda ya kashe kuɗinsa wajen silin da taga mai shigar iska, sau da yawa ya fi wanda ya sayi lagireto na uku cin riba.

Game da jerin kayan kuwa, ba a bukatar wahalar da kai. Idan famfo yana tura lita 3.8 a minti ɗaya, wat 600 ba zai ɗaga zafin ruwan a zagaye guda fiye da digiri biyu da ɗoriya ba. Ke nan ko furosesa ce a gaba ko katin hoto, bambancin kaɗan ne. Sharaɗi ɗaya ne ba a ƙetarewa: tanki ya kasance sama da famfo kuma dab da shi, domin famfon da ya juya babu ruwa lalacewa yake yi nan da nan.

Ƙarfe, tiyo da ruwa

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne haɗa jan ƙarfe da alminiyam a hanya guda. Idan ruwa ya ratsa su biyun, sai su zama kamar batir, alminiyam ya riƙa zagwanyewa har ya huje, tarkacensa kuma ya toshe farantin. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama tare lafiya. Saboda haka kada araha ta ja mutum ga lagireton alminiyam, balle na mota ko na babur.

Ga wanda bai taɓa yi ba, tiyo mai laushi ya fi, musamman baƙin roba da ake kira EPDM, wanda ke jure zafi. Bututu mai tauri na PETG ya fi kyan gani, amma yana laushi idan ruwa ya ɗumama, har ya zame daga mahaɗi, don haka bai dace da bazarar wannan yanki ba.

Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda duk suna ɗauke da gishiri iri-iri da ke daskarewa cikin siraran hanyoyi, kamar yadda ake gani a gindin butar shayi. Tataccen ruwa ake so, a zuba masa maganin tsatsa da na gansakuka, ko a sayi haɗaɗɗen ruwa marar kauri da aka yi don wannan aiki. A yi hattara da kalmar "ruwan batir", domin a bakin masu gyara tana nufin tataccen ruwa, tana kuma nufin mai asid, shi kuwa asid cinye ƙarfe yake yi.

Gwaji da kulawa

Bayan an gama ɗauri, sai a cire wuta daga dukkan sassan kwamfuta, a bar famfo shi kaɗai yana aiki. A shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi, a cika tanki kaɗan-kaɗan, a karkata akwatin don kumfa ta fita, a bar shi sa'o'i 24. Ɗigo ɗaya a kan allon da ba shi da wuta, shanya shi kawai za a yi. A kan mai wuta kuwa yana iya ƙone katin da ya fi dukkan kayan ruwan tsada. Kafin ma a fara, a kwafe muhimman ayyuka a ajiye a wani wuri.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo sanyi, amma yana kawo ƙura, ita kuwa tana liƙewa tsakanin haƙarƙarin lagireto ta hana iska wucewa. Sai a sa raga a mashigar iska, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a riƙa hure ƙurar a kai a kai. Ruwan kuma a canja shi bayan wata shida zuwa shekara ɗaya. Tun da yake irin waɗannan kaya ba su cika samuwa a shagunan kusa ba, sau da yawa sai an yi odarsu daga Legas ko ƙasashen waje, ya kyautu a sayo rarar mahaɗai da zoben roba da tiyo tun a zuwan farko, kada ƙaramin abu ya ajiye na'ura makonni.

Kammalawa

Tambayar da ta rage ita ce: wa ya kamata ya shiga wannan aiki? Kwamfutar ofis ta rubutu da lissafi ba ta bukatarsa ko kaɗan, kuma jami'in da ke sayen kaya da kuɗin jama'a ya lura cewa na'urar da ba a ware mata mai kula ba, babbar fanka mai kyau ta fi mata amfani, domin ba ta yoyo. Akwai kuma rufaffiyar hanyar ruwa da ake sayarwa a haɗe, wadda ta ishi furosesa ita kaɗai. Wanda aikin ya dace da shi shi ne mai na'urar da ke fitar da ɗaruruwan wat na tsawon sa'o'i, wanda kuma zai iya kula da ita da kansa. Irin wannan mutum, matakinsa na farko shi ne ya rataye ma'aunin zafi a ɗakin aikinsa cikin watan Afrilu, ya rubuta abin da ya nuna da ƙarfe uku na rana, ya ɗora 15 a kai. Idan jimlar ta kusanci 60, to ɗakin ne abin fara gyarawa. Idan kuwa da sauran rata, sai ya ƙidaya wat ɗinsa, ya auna akwatinsa, sa'an nan ya rubuta jerin kayan da zai saya.