Kwanson Harsashi: Kuɗinsa Yana Wuyansa

Yau mun ajiye maganar gero, za mu ba ku labarin wata haja ta ƙasar Amurka.

A can, mafarauta da masu gasar harbi da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Tsince shi suke, su sake ɗura shi a gida da kayan aiki irin na kamfanin RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a Kaliforniya a 1943. Don haka kwanson wofi ma yana da kasuwarsa. Abin da ya ba mu mamaki, wanda aka harba sau ɗaya ya fi wanda aka harba sau da yawa daraja, alhali in ka ɗora su a sikeli kusan nauyinsu ɗaya.

Sirrin yana wuya. Kwanson tagulla ne, kashi 70 jan ƙarfe, 30 tutiya. Idan aka harba, wuyan yana buɗewa, sai a matse shi ya koma ƙasa da kaurin kan harsashin da ɗan kaɗan, galibi wajen kashi 2 cikin 1,000 na inci. Wannan 'yar matsin ita ke riƙe kan. Duk wanda ya taɓa ɗinke bakin buhu ya san zancen: in ya yi sako-sako, kaya ba su isa Legas.

To, in riƙon ya yi rauni, kan yana iya nutsewa ciki, wurin albarushi ya ƙuntata, ƙarfin tashinsa ya wuce kima, har bindiga ta illata mai ita. In kuwa wannan ya matse, wancan ya saki, kowane harbi da inda zai faɗa. Ga shi tagulla tana taurara da yawan buɗewa da matsewa, daga baya wuyan ya tsage. Masu sana'ar suna gasa wuyan kaɗai da wuta don ya yi laushi, gindin kuwa ba a yarda wuta ta taɓa shi. Ido ba ya gane tauri, shi ya sa mai saye ke tambayar sau nawa aka harba, kamar yadda muke tambayar hatsin bana ne ko na bara.

Amma fa mu a Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana cinikin harsashi ba da lasisi ba. Dillalin da aka kawo wa irin wannan kaya ya ce ba ya ciki, komai yawan la'adar.