Goge lambar matsala ba gyaran turbo ba ne

A garejojin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, na'urar binciken mota da makanikai ke kira kwamfuta ta fara yawaita, amma ta zo da wata ɗabi'a mai ban takaici. Fitilar gargaɗi mai siffar inji ta kama a gaban direba, mota ta daina ja, sai a kai ta wurin rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya jona na'urar a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya danna maɓallin gogewa, fitila ta mutu, direba ya biya ya kama hanya yana ganin an yi gyara, alhali ko ƙusa ɗaya ba a kwance ba. Wannan sakaci ya fi yin ɓarna a motoci masu turbo, irin su Toyota Hilux mai amfani da gas da Volkswagen masu alamar TDI ko 1.8T.

Turbo na'ura ce da hayaƙin inji ke juya farfelarta kafin ya fita ta salansa, ita kuma ta juya farfela ta biyu da ke cusa ƙarin iska cikin injin domin ya ƙona mai da yawa ya ƙara ƙarfi. Injiniya Alfred Büchi ɗan ƙasar Siwizalan ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905, kuma a motocin yau sandar da ke haɗa farfelun tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Tun da iskar da ta wuce kima tana iya lalata inji, akwai wata 'yar ƙofa da ke karkatar da wani kaso na hayaƙin idan matsin iska ya kai iyaka, a wasu injinan gas kuma fikafikai masu motsi ne ke wannan aiki. Ƙwaƙwalwar mota ce ke sarrafa su ta hanyar ƙaramin bawul na lantarki da siraran tiyo, tana dogaro da sensa, wato ma'aunin da ke sanar da ita ƙarfin matsin. Tsarin lambobin matsala mai suna OBD-II ya zama wajibi a Amurka tun 1996, kuma a cikinsa P0299 na nufin matsin ya gaza abin da ake bukata, P0234 na nufin ya wuce iyaka, P0045 kuma na nuni da yankewar layin lantarkin bawul ɗin.

Abin da masu gogewa suka kasa kulawa da shi shi ne cewa ƙwaƙwalwar ba lamba kaɗai take ajiyewa ba, tana kuma adana yanayin da injin yake ciki a lokacin da matsalar ta auku, kamar saurin juyawarsa da zafinsa da nauyin da yake ja, kuma duk wannan bayani yana tafiya da zarar an danna maɓallin. Mai gogewa kafin ya karanta tamkar malamin asibiti ne da ya yage takardar gwajin jini ya ce wa majiyyaci ya warke. Motar kan yi lafiya a cikin gari, inda ba a taka totur sosai, sai an ɗora mata fasinja da buhunan hatsi, direba ya taka domin ya wuce babbar mota, a nan ƙwaƙwalwar za ta sake ganin matsalar ta rage ƙarfin injin da gangan don ta kare shi. Duk wanda ya san halin tsaro a hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, ya san ba wuraren da ake son mota ta koma tafiyar hawainiya ba ne. Mafi muni su ne waɗanda, bayan fitilar ta dawo sau biyu ko uku, suke rufe ta da baƙin salatif, ko su ɗaure sandar ƙofar hayaƙin da waya don kada ta buɗe. Motar za ta yi ƙarfi na ɗan lokaci har direba ya yaba wa makanike, daga baya matsin ya ƙona gasket ko ya fasa fistin, gyaran tiyo ɗaya ya koma sauke inji.

Akwai kuma masu yanke hukunci nan take cewa turbo ya mutu, a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo na Kwatano, a ɗaura, lambar ta dawo, domin lambar alamar ciwo take faɗa, ba ta ambaci abin da za a canza ba.

Abu na farko da ya wajaba a kan mai mota shi ne ya sa a rubuta masa lambar da bayanan da ke tare da ita a takarda kafin kowa ya taɓa maɓallin gogewa, kuma makaniken da ya ƙi yin haka bai cancanci a bar masa mota ba. Daga nan bincike yana farawa daga mai araha: matatar iska, wadda ƙurar hunturu da hanyoyin ƙauye marasa kwalta ke toshewa da wuri, sai manyan tiyon da ke kai iska inji, inda tsaga kan bayyana ta hanyar fito idan an taka totur ko danshin baƙin mai a bakin kilif, sai siraran tiyon da zafin bazara ke busarwa har su tsattsage, sannan wayoyin bawul, da sandar ƙofar hayaƙi a ga ko tana motsi, da sensa a ga ko datti ya rufe ta. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake duba turbo ɗin kansa, a girgiza sandarsa a ga ko farfela na gogar bango. Gogewa tana zuwa ne bayan gyara, kuma a biyo ta da gwajin tuƙi a kan titi da kwamfutar a jone, ana kwatanta matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda turbo ya bayar, tun kafin a ɗauki fasinja a tasha.