BABI NA UKU: AMFANI DA ABIN DA IDO YA GANI WAJEN ZANA BAREWA DA MOTSA TA

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan abubuwan da mai zane zai dogara da su idan yana son ya ƙago barewa a matsayin tauraruwar fim ɗin zane mai motsi, wato katun, domin yaran ƙasar Kankiya da Kusada. Za a duba irin dabbar da ta cancanci a kira ta barewa, da wuraren da za a samo siffarta, sannan da yadda ake mayar da siffar ta koma motsi.

3.1 Wace Ce Barewa?

Matsala ta farko da mai zane kan ci karo da ita, ita ce ta fassara. Akwai wata dabba ta ƙasashen sanyi wadda aka saba fassara sunanta da barewa, alhali kuwa ba danginsu ɗaya ba. Namijinta na da ƙaho mai rassa kamar itace, wanda ke zubewa duk shekara wani ya sake tsirowa. A duk faɗin Afirka ba a samun danginta sai a duwatsun Atlas da ke arewacin nahiyar.

Ita kuwa barewar ƙasar Hausa, dangin akuya ce da tunkiya da saniya. Ƙahonta ba ya da reshe, ba ya zubewa, yana da zobba-zobba, kuma mace da namiji duk suna da shi, sai dai na macen ya fi siranta. Tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa ya kai kimanin santimita 70, nauyinta kuwa tsakanin kilo 20 ne zuwa 35. Jikinta ja-ja ne, cikinta fari, akwai siririn baƙin layi a kwiɓinta, jelarta baƙa, goshinta ja. Haka kuma wajibi ne a bambanta ta da gada da mazo da gwanki, domin kowannensu da tasa ƙirar.

Muhimmancin wannan bambanci shi ne, farauta da faɗaɗa gonaki sun sa barewa ta yi wuyar gani a wannan yanki. Yaro zai ji sunanta a tatsuniya, ko a karin maganar nan da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko a sunan Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kafin daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya. Amma da wuya ya taɓa ganinta da idonsa. Ke nan, duk siffar da fim ya nuna masa, ita zai riƙe a matsayin barewa.

3.2 Darasi Daga Waɗanda Suka Gabata

Fim ɗin Bambi, wanda kamfanin Walt Disney na Amurka ya fitar a 1942, shi ne misalin da ya fi shahara a wannan fage. An gina shi ne a kan littafin da Felix Salten ya wallafa a 1923, wanda dabbar cikinsa ta dazukan Turai ce. Masu fim ɗin suka musanya ta da mai farar jela, wadda Amurkawa suka sani a ƙasarsu. Bayan haka aka kawo 'ya'yan dabbar guda biyu daga jihar Maine, aka ajiye su a harabar kamfanin domin masu zane su riƙa kallon kwanciyarsu da tashinsu. Maurice Day ya shiga dazukan Maine ya ɗauko hotuna, Rico Lebrun kuma ya koyar da su ƙirar ƙashi da tsoka. Sai bayan an yi wannan ne Marc Davis ya ƙara girman kai da idanu, ya gajarta baki, ta hanyar nazarin fuskar jarirai.

A nan kusa kuwa, akwai Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya rayu daga 1942 zuwa 2015, ya kuma daɗe da zama a Tawa. A fim ɗinsa na 1966 mai suna Bon Voyage Sim, kwaɗi ya ɗauka, waɗanda kowane yaro ya sani a bakin tafki, ya mayar da su shugabanni da talakawa.

Abin lura a nan shi ne, dukkansu sun koma ga dabbar da masu kallonsu suka sani. Saboda haka, wanda ya kwaikwayi siffar Bambi ya ɗauki sakamakon aikin ne ya bar hanyar da aka bi. Zai fito da ɗan barewa mai fararen ɗigo-ɗigo a baya da uba mai ƙaho mai rassa, abin da babu maharbin da zai yarda da shi.

3.3 Inda Za A Samo Siffa

Ana iya kasa madogaran mai zane gida huɗu:

(a) Dabbar kanta: ko dai a gidan ajiye namun daji, ko a hotuna da finafinan da aka ɗauka a dawa. Daga nan ake samun launi da tsayin wuya da girman kunne.

(b) Akuya: jar akuyar nan da ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, wadda ake kiwo a gidaje, ake kuma kai ta kasuwanni irin ta Caranci, ƙirar ƙashinta ta yi kusa da ta barewa. Daga gare ta ake koyon tuƙa, da kaɗa kunne, da yadda dabbar ke fara ɗaga ƙugu kafin gaba idan za ta tashi daga kwance. Sai dai a riƙa tunawa ƙafafun barewa sun fi tsawo da siranta.

(c) Mafarauta: tsofaffin maharba kan ajiye ƙaho da fata, sun kuma san sawun kofato da halin dabbar idan ta ji motsi.

(d) Muhalli: bayan fage ya kamata ya nuna kuka da gawo da ɗorawa da sabara da kalgo, da jar ƙasa da hazon hunturu, ba dogayen itatuwan ƙasashen sanyi ba.

Daga waɗannan ne ake haɗa takardar siffa, wato takardar da ke nuna barewar ta gaba da ta gefe da ta baya, tare da ma'aunin kowace gaɓa. Ana iya ƙara girman ido domin ya nuna fara'a ko tsoro, amma ƙaho da baƙin layin kwiɓi da jan goshi ba a taɓa su, domin su ne shaidarta.

3.4 Daga Siffa Zuwa Motsi

A fim, hoto 24 ne ke wucewa cikin kowane sakan ɗaya. Masu zane kan nuna kowane zane sau biyu, wato zane 12 a sakan, ko 720 a minti ɗaya. Ashe ke nan, kuskure ɗaya a takardar siffa zai maimaitu sau ɗaruruwa.

Ido shi kaɗai ba ya iya kama motsin ƙafa. Wannan ne Eadweard Muybridge ya tabbatar a 1878, lokacin da ya jera kyamarori ya ɗauki doki yana sukuwa. Hotunan sun nuna ƙafafu huɗun kan bar ƙasa ne a lokacin da suka tattaru a ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka saba nunawa. A yau wayar hannu ta isa yin wannan aiki: a ɗauki akuya tana gudu, a rage saurin hoton, a zana shi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kula da su. Na farko, a tafiyar hankali ƙafar baya ta hagu ce ke tashi, sai ta gaba ta hagu, sannan ta baya ta dama, sai ta gaba ta dama. Na biyu, gaɓar ƙafar baya da ke lanƙwasa ta baya, wadda ake ɗauka gwiwa ce, a haƙiƙa dunduniya ce, domin dabbar a kan 'yan yatsu take tafiya. Na uku, idan barewa ta firgita takan yi cak, ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, sannan ta zabura. Wannan ɗan tsayawa shi ke sanar da mai kallo cewa gudu na tafe, kuma a nan ne sukuwarta ta bambanta da ta akuya.

3.5 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa ingancin barewar katun ya dogara ne ga ingancin abin da aka kalla kafin a ɗauki fensir. Babi na gaba zai duba yadda za a zaɓa mata murya da hali daga tatsuniyoyin yankin.